Babur Ya Kwana Arba'in a Zaure

Waɗanda suka yi ta tambayar dalilin da ya sa ba su ga wannan fili ba a watan jiya, ku yi mana ahuwa. Rasuwa aka yi mana. Abokin aikinmu ne, malamin aji biyar, wanda muka yi makarantar horon malamai tare, aka kuma tura mu ƙauye ɗaya a bayan Pitowa. Shekara da shekaru kullum da sassafe muke fita daga Garwa, baburinsa a gaba, namu a baya. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan.

Ranar Lahadi abin ya faru, ranar kasuwar Pitowa. Tsakanin Garwa da Pitowa kimanin kilomita 15 ne kawai, amma duk wanda ya san hanyar ya san ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta miƙe zuwa Marwa da Kusiri har bakin Injamena. Manyan motoci masu kai kaya Cadi nan suke bi, masu auduga nan, masu siminti daga Figil nan, sa'an nan ran kasuwa a ƙara da shanu da amalanke da masu keke. Marigayi ya je sayo dawa, ciniki ya ja shi har aka yi magariba. Ga hazo. Wata babbar mota ta lalace, rabin jikinta a kan kwalta, babu fitila babu komai sai ganyen da aka watsa a bayanta wai alama. Wata kuma ta taho daga gaba ta haske masa ido. Ko da jama'a suka ɗaga shi, hular kwanonsa tana nan ɗaure a kan buhun dawa, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Da muka dawo daga maƙabarta muka tura baburinmu cikin zaure. Ba mu ce da kowa komai ba, amma da gari ya waye muka nemi makulli muka rasa. Uwargida ta ce, "Malam, yana wurina. Ni ba zan iya takaba da 'ya'ya biyar ba." Ba mu yi mata musu ba, don gaskiya ko ta ba mu a ranar, hannunmu rawa yake yi. Ranar da muka koma makaranta muka tarar da kwanan watan da ya rubuta ran Juma'a yana nan a saman allon aji biyar, yara sun ƙi gogewa, mu ma mun kasa. Sai da mako ya zagayo direkta ya sa aka wanke allon.

A zaman makoki kowa da abin da yake faɗi. Dattawa suka ce kwanansa ne ya ƙare, ko a kan gado yake sai ya tafi. Haka ne, ba mu ja da wannan ba. Wasu abokan aiki suka ce su kam sun rantse sun bar babur. Wani ma a nan take ya sa nasa a kasuwa. Mu dai muka yi shiru, muka ce bari mu gwada rayuwa babu shi mu gani.

To, ga abin da muka gani. Mota daga Garwa zuwa Pitowa ba ta tashi sai ta cika, makaranta kuwa ƙarfe 7:30 ake shiga aji. Daga bakin kwalta zuwa ƙauyen da muke koyarwa babu mota sam, sai ƙafa ko ɗan kalando, wato mai babur ɗin haya, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira ɗan acaɓa, na Nijar kuma kabu-kabu. Kwana uku muna takawa muna isa bayan an gama darasin lissafi. A rana ta huɗu muka hau bayan wani yaro wanda bai fi shekara 17 ba, silifa a ƙafarsa, babu madubi, burki sai ya haɗa da jan ƙafa a ƙasa. Muna riƙe da ƙugunsa ne tunani ya zo mana: ashe ba mu bar babur ba, wurin zama kawai muka sake. Da can mu ne ke riƙe da kan abin, mun san lafiyar tayarmu, mun san inda rami yake. Yanzu mun miƙa wuyanmu ga yaron da sa'ar ɗanmu ne, muna kuma biyansa. A ƙarshen wata da muka yi lissafi, kuɗin mota da na kalando sun cinye abin da ya fi kuɗin man da muke sha nesa ba kusa ba, duk da tsadar da zuwa-zuwa ya yi tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023.

Wanda yake zaune Yawunde ko Duwala yana iya cewa a hana babur a huta. A Kano an yi haka a watan Janairun 2013, aka hana ɗaukar fasinja a babur, amma Kano birni ne, A Daidaita Sahu ya maye gurbin. Mu nan wa zai maye? Muna yara muka ga yadda abin ya yaɗu. An zabge albashin ma'aikata har sau biyu a 1993, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, iyayenmu da malamanmu da yawa suka koma kalando bayan an tashi aiki don tukunya ta hau wuta. Daga baya baburan Sin masu araha suka cika kasuwa. Yau ungozoma da malamin gona da mai kai madara da malamin makaranta duk a kansa suke. Mai naƙuda ma a ƙauye shi ne motar asibitinta.

Saboda haka tambayar a hau ko kada a hau, ga irinmu, ba ta da wani tsawo. Wadda ta hana mu barci ita ce ta hular nan da ke ɗaure a kan buhu. Mun san dalilin da ya sa bai sa ta ba, domin dalilinmu ne mu ma: tana ɓata hular zanna, tana hana jin gaisuwa, a watan Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, kamar ka kifa tukunya a ka. Mukan sa ta ne in mun hango jandarma, mu cire in mun wuce. Doka dai tana nan, tun dokar Firayim Minista ta ranar 31 ga Disamba 2008 a kan baburan haya, wadda ta wajabta lasin da inshora da hular kwano. Maƙwabtanmu ma da aka matsa musu a farkon 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka ɗaura a ka. Mun yi dariya a lokacin. Yanzu dariyar ba ta zuwa.

Bari mu yi aikinmu na malamai kaɗan. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ido ya gaya wa hannu ya kama burki an riga an wuce tsawon aji biyu. Wanda ya daki abin da ke tsaye yana gudun kilomita 50, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar daga kan giginya. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma Afirka ce kan gaba in an auna da yawan jama'a. Ita ce kuma ta ce hular kwano mai kyau, in an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Ko da ya sa ta zai rayu? Allah kaɗai ya sani, kuma ba za mu taɓa faɗin wannan magana a gaban matarsa ba. A nan muke faɗi, don waɗanda suke da sauran numfashi.

Ran sadakar arba'in muka zauna da uwargida bayan isha'i. Ita ta gindaya sharuɗɗa, mu muka rubuta a bayan littafin shirya darasi. Ba kwalta bayan la'asar sakaliya ran Lahadi, ko da dawa kyauta ake rabawa a Pitowa. Ba tafiyar dare sai da larurar ciwo. Hula a ka, igiya a ɗaure, tun daga ƙofar gida. Fitila da burki a kai wa makanike kowane farkon wata kafin a taɓa albashi. Yara kuma ɗaya-ɗaya, an daina jera uku a kai su makarantar allo. Ta ɗauko makulli daga cikin kwalla ta ajiye a kan tabarma, ba ta miƙo mana a hannu ba.

Washegari muka fita mu kaɗai. Da muka zo wurin, fasassun gilasai na nan a gefen hanya suna ƙyalli. Muka tsaya muka yi masa addu'a, muka wuce a hankali har masu keke suna cim mana. Har yau in babbar mota ta taho daga baya sai mun sauka daga kwalta mun ba ta hanya, abin da da can muke yi wa wasu dariya a kai.

Saura magana ɗaya da ba ta ƙare ba. Marigayi bai gama biyan adashin da ya sayi babur ɗin da shi ba, inshorarsa kuma ta ƙare bai sabunta ba, don haka babu inda iyalinsa za su nufa. Mu 'yan adashi mun yafe abin da ya rage. Amma ƙanensa ya kai babur ɗin an miƙe masa ƙafar gaba, ya ce kalando zai shiga da shi don ya ciyar da marayu huɗu. Mahaifiyarsu ta aiko a kira mu, ta ce, "Malam, kai ne abokin yayansa, ka hana shi." Muka tambaye ta abin da za su ci in mun hana, ta yi shiru, mu ma muka yi shiru. Abin da muka iya dai, mun raka shi ya fara neman lasin, mun kuma karɓo hular yayansa daga wurin matar mun ba shi. Ta ɗan yi masa yawa, sai da aka ƙara wa igiyar huda.