Mizanin Amana a Fagen Wasanni

Malaman hadisi na da, Allah Ya jiƙan su, idan za su karɓi ruwaya daga bakin mutum, ba su wadatuwa da ƙarfin haddarsa sai sun binciki adalarsa, sun tambayi waɗanda suka zauna da shi suka yi mu'amala, domin sun san cewa gwaninta daban, amana daban. Wannan ƙa'ida ce ta kuɓuce wa masu tafiyar da sha'anin wasanni a zamaninmu, inda ba a auna mai horarwa, ko likitan 'yan wasa, ko mai kula da gidan motsa jiki, sai da kofunan da aka ci da kuɗin da aka tara.

Abin da ya auku a Amurka ya isa izina. Larry Nassar ya yi kusan shekara 20 yana likitan 'yan matan ƙasar masu wasan alkafura, yana kuma aiki a Jami'ar Jihar Michigan, ana ta yabon ƙwarewarsa, alhali da sunan magani yake keta mutuncin yaran da aka damƙa masa. Kuma ko da yake tun 1997 wasunsu sun kai kuka, ba wanda ya saurare su, har sai da wata jarida ta birnin Indianapolis ta tona asirinsa a 2016. A Janairun 2018, bayan mata fiye da 150 sun tsaya a kotu sun faɗi abin da ya yi musu, aka ɗaure shi shekara 40 zuwa 175, daga baya kuma jami'ar ta amince da biyan diyyar dala miliyan 500.

Wani zai ce hali abu ne na baɗini, wanda mizani ba ya ɗauka. Amma halin ma'aikaci yana da alamomi na zahiri waɗanda ake iya lissafawa: ko yana kaɗaita da yaro a ɗaki, ko yana tilasta wa mai rauni shiga fili, ko yana horo da zagi, ko yana karɓar toshiya kafin ya sa ɗan wasa. Tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya wajaba a riƙa tambayar 'yan wasan kansu a asirce kowace kaka, ta bakin wanda abincinsa bai rataya ga nasarar ƙungiyar ba, a rubuta, a duba rubutun ranar ƙarin girma. Tsoron ƙazafi da hassada kuwa, maganinsa tabbatar da shaida da sauraron wanda ake tuhuma.

Mu ma da muke miƙa 'ya'yanmu ga makarantun ƙwallo da fatan su fita waje, hakki ne a kanmu, kafin mu tambayi yara nawa mai horarwa ya kai Turai, mu nemi waɗanda suka bar hannunsa mu ji dalilinsu.