A Koya Wa Hannu Kafin a Ba Shi Na'ura

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana ta faɗo mini ne da na dubi yadda ƙannenmu na Ƙaraye da Rogo suke gama sakandare ba su taɓa auna kusurwa ko murza yumɓu ba, sa'an nan a sa rai wata rana su ƙera wa ƙasa kayan amfani.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen koyar da tsara kayan masana'antu, wanda aka cire daga sashen zane-zane a 1977. Ana koyar da ginin tukwane, da zanen tufafi, da zanen ɗab'i. Harsashin wannan ilmi kuwa abu biyu ne. Na farko zane a shimfiɗe, mai tsawo da faɗi kaɗai, inda ake koyon layi da launi da daidaito. Na biyu siffa mai jiki, wadda ta ƙara da kauri, ake iya ɗaga ta a juya. A makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya buɗe a Jamus a 1919, da irin wannan share fage ɗalibi yake farawa kafin ya shiga ɗakin sana'a.

To, mai karatu, shin wannan ilmi baƙo ne a ƙasar Hausa? Ko kusa. Maɗinkin da ya shata aska takwas a ƙirjin babbar riga, zane a shimfiɗe ya yi. Maginiyar da ta tayar da randa, da maƙerin da ya karkata bakin garma don ta kifar da ƙasa, da manomin da ya gina rumbu, duk a siffa mai jiki suke aiki. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya ɗaura bakan gizo na Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai san kwamfuta ba. Haka Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin naira 20, a gida ta koyi tukwane kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a 1954.

Wani zai ce zamanin hannu ya wuce, na'ura ce ke zane yanzu. Gaskiya ne tana da sauri, amma ba ta san nauyin tulu a kan yarinya ba. Abin da aka ba ta shi take mayarwa. Mun kuma ga darasi a tsarin 6-3-3-4 na 1982: an sayo injinan koyar da fasaha, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatuna don rashin malamai da lantarki.

Saboda haka shawarata mai sauƙi ce. Makarantun Ƙaraye da Rogo su fara da abin da ke kusa: fensir, da kwali, da kara, da yumɓu. A gayyato maƙeri da maginiya cikin aji, a biya su ladansu. Yaro ya zana garma a takarda, ya siffanta ta da kwali, sa'an nan ya tambayi manomi inda ta gaza. Kwale-kwalen masunta na madatsar Challawa ma darasi ne mai zaman kansa.

In muka yi sake, roba za ta gama korar ƙwarya da randa daga ɗakunan iyayenmu, mu zama masu saye har abada. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.