RA'AYINMU: ABIN DA IDO YA KOYA, BAKI BAI SANI BA

Duk wanda ya taɓa tsayawa gun masu dabino a kasuwar Shuwarin ya ga wannan abu. Dattijo zai damƙi dabino, ya juya shi a tafin hannu, ya ce wannan na Dutse ne, wancan kuwa daga Nijar aka kawo shi. In ka tambaye shi yadda aka yi ya gane, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ai ga kamarsa nan." Ba rowar sani yake yi ba. Shi kansa ba zai iya zayyana dalilin ba, alhali kuwa da wuya ya kuskure.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A shekarar 1967 wani Ba'amurke, Arthur Reber, ya ba manyan mutane jerin haruffa marasa ma'ana su haddace, bai gaya musu cewa wata ɓoyayyiyar ƙa'ida ce ta tsara su ba. Daga baya ya sanar da su, ya kawo sababbin jeri, sai ga shi suna ware masu bin ƙa'idar daga masu saɓa mata fiye da yadda cinke zai bayar, amma an rasa mai iya faɗin ƙa'idar sosai. Watau ƙwaƙwalwa tana lura da abubuwan da kan zo tare, tana ɗaure su, mai ita bai sani ba.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ina ruwanmu? Da yawanmu za mu fita mu zama malaman gona ko ma'aikatan lafiya a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Manomi zai dubi gabas ya ce kada a yi shuka tukuna. Mu kuwa, don ya kasa kawo hujja irin ta aji, sai mu ɗauke shi jahili. Wannan girman kai ne. Ba mu ce kullum daidai yake ba, amma a gwada maganarsa kafin a yar.

Abin da ya fi damunmu shi ne, ta wannan ƙofa ce mugun hali kan shigo. Ba a taɓa zaunar da sabon akawu an ce masa fayil ba ya motsi sai da goro ba. Gani yake yi: na mai babbar riga ya fito yau, na tsohon ɗan fansho ya kwana wata uku. Kafin shekara ta zagayo hannunsa ya san wanda zai fara ɗauka, kuma zai rantse bai bambanta kowa ba. Abin tsoron, da gaskiyarsa yake rantsuwar.

Saboda haka muna roƙon ƙannenmu da yayyenmu da suka kama aiki su ajiye ɗan littafi na wata guda, su rubuta ranar da kowane fayil ya shigo, da mai shi, da ranar da ya fita. Wanda ya yi, ya aiko mana da abin da ya gani ba tare da sunan kowa ba, za mu buga a fitowa ta gaba.