Nike Ko Adidas: Mu Me Muka Samu A Wannan Gardama?



Duk wanda yake shiga gidan kallo ranar Asabar, ko yake zama teburin mai shayi bayan isha'i, ya san gardamar ƙwallo a unguwarmu ta wuce batun wa ya ci wa. Yanzu har kamfanin da ya ɗinka rigar ma yana da nasa magoya baya. Ɗan Chelsea da ɗan Barcelona sun haɗa kai cewa babu kamar Nike. Ɗan Arsenal da ɗan Madrid sun ce Adidas ce uwar kaya. Ɗan Manchester City yana gefe yana kare Puma. Mun ga yaron da babansa ya sayo masa takalmi mai kyau, ya ƙi sawa saboda tambarin ba na ɓangarensa ba ne.

Mu tambayi kanmu: su kulob ɗin suna da irin wannan biyayya? Arsenal ta sa Nike har 2014, ta koma Puma, a 2019 ta koma Adidas. Chelsea tana hannun Adidas kafin ta koma Nike a 2017. Manchester United ta bar Nike ta kama Adidas a 2015, shekarar da Super Eagles ta yi akasin haka. Kulob yana duba wanda ya fi ajiye kuɗi ne, ya sa hannu a kwantiragi. Mu ne kaɗai muke jijiyar wuya kyauta.

Adidas da Puma ma asalinsu gida ɗaya ne. Wa da ƙani ne, Rudolf da Adolf Dassler, suke sana'ar takalmi tare a wani ƙaramin gari na Jamus. Suka ɓata, suka raba gari a 1948, kowa ya kafa nasa kamfani. Mutanen garin suka rabu biyu, amma su suna da dalili: a masana'antun nan suke aiki, daga nan suke ciyar da iyali.

Haka abin yake a jami'o'in Amurka, inda ƙwallonsu ta zari-ruga take tara dubban 'yan kallo. Kamfanonin nan suna biyan jami'a kuɗi, su ba 'yan wasanta riga da takalmi, domin kawai tambarinsu ya fito a ƙirji. Phil Knight, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Nike, tsohon ɗalibin Jami'ar Oregon ne, kuma ya zuba mata dukiya mai yawa wajen gine-gine da wuraren wasanni. Idan ɗalibin Oregon ya ce shi ɗan Nike ne, zai iya nuna maka abin da makarantarsa ta samu.

Mu fa, me za mu nuna? Yawancin jesin da muke saye a Taminus ko gwanjon Katako, ko dai kwaikwayo ne ko kwance. Kamfanin bai ma san da zamanmu ba. A gefe guda kuma, ku leƙa filayen makarantunmu da yamma. Yara suna buga wasa, ɓangare ɗaya da riga, ɗaya ba riga, don a gane ɗan wane gefe ne. Idan gasar unguwanni ta zo, sai koci ya bi gida-gida yana aron jesi. Ga Jami'ar Jos maƙwabciyarmu a titin Bauchi, amma mu nawa muka taɓa zuwa kallon wasan ɗalibanta?

Kuma Jos ba baƙuwar ƙwallo ba ce. Mighty Jets ce ta fara ɗaukar kofin lig na Najeriya a 1972. Plateau United ta ɗauka a 2017. A garin nan aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, a filayen ƙasa irin namu suka fara.  Mutanen gari ne suka riƙe su har duniya ta gan su.

Ba muna cewa a daina son kaya masu kyau ba. Rigar da Nike ta yi wa Super Eagles a Kofin Duniya na 2018 ta burge mu duka, kuma takalmi mai ƙwari ya fi wanda zai yage cikin mako biyu. Wanda yake da hali ya saya, ya sa abinsa lafiya. Amma so duk so ne, son kai ya fi.

Ga shawararmu. Kowace majalisa da kowane gidan kallo su zaɓi ƙungiyar yara guda, ta firamare, ta sakandare ko ta Islamiyya. Kowa ya kawo kuɗin jesi ɗaya da zai saya wa kansa a kakar nan. A ba telolin unguwa ɗinkin, a ba masu buga rubutu aikin lamba da suna. 'Yan kasuwarmu, masu shago da masu sayar da kayan gini, su sa sunan sana'arsu a ƙirjin rigar kamar yadda manyan kamfanoni suke yi. Kuɗin bai bar unguwa ba, tela ya samu, yaro ya shiga fili da kwarjini.

Ranar da yaranmu suka fito cikin riga iri ɗaya, ɗinkin gida, mun samu tambarin da ya cancanci mu yi gardama a kansa. Duk majalisar da ta shirya, ta sanar da shugabannin ƙungiya domin a haɗa ta da makaranta.

Allah Ya raya mana matasanmu, Ya zaunar da Jos lafiya. Amin.