Na Ɗaya Ya Isa

Mu ƴan ajin ƙarshe ne aka ba wannan shafi, kuma za mu yi magana a kan kwalin nan da ya kusa raba kawunanmu bana, kwalin littattafan ban tsoro.

Ga waɗanda ba su san labarin ba: tun bara muka fara karo-karo, kowa dala goma a mako, muna sayen tsofaffin littattafai wajen masu shimfiɗa su a ƙasa bakin kasuwa. Yawancinsu na wani marubucin Amurka ne, R. L. Stine, an mayar da su Faransanci. Akwai na ƙanana, jerin da ake kira Chair de poule, akwai kuma na matasa irinmu. Duk sun girme mu. Takardar ta yi ja, wani bango ya cire, wani da sunan yaron da ba mu sani ba a shafin farko.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, littafi na ɗaya ya cancanci kuɗinmu da lokacinmu, amma bin na biyu da na uku da na huɗu asara ce. Mun biya kafin muka gane.

Ku ɗauki La Baby-sitter, wanda ya fito da Turanci a 1989. Wata yarinya ce, Jenny, ake biyanta ta zauna da yaron mutane da dare idan iyayen sun fita. Sai wayar gidan ta riƙa ƙara, wata murya tana yi mata barazana. Ƙannenmu suna tambaya, me ya hana ta duba lamba? To, lokacin wayar girke ce, ba ka ganin mai kira, kuma ba ka iya sa ta aljihu ka gudu. Tsufan littafin shi ne ƙarfinsa. A ƙarshe sai ga shi mai barazanar uban yaron ne da kansa, mutumin da ya ɗauke ta aiki. Wallahi wasunmu sun kwana da fitila a kunne. Labari ya ƙare, mugu ya mutu, kowa ya huta.

Sai muka ji akwai na biyu. Muka yi makonni muna nema, mai sayarwa ya ga idonmu ya ƙara kuɗi. Muka buɗe: ga Jenny, ga waya, ga murya. A na uku ma haka, sai dai an juya laifin ya koma kan ita Jenny ɗin. Zuwa na huɗu, da dabara ta ƙare, aka kawo fatalwa. Yarinyar da muka tausaya wa a farko an mayar da ita kamar akuyar da ake kai wa kasuwa kowace Laraba. Haka Sang de monstre: wani abu kore mai yauƙi da ke sa duk abin da ya ci shi ya yi girma. A na ɗaya kare, a na biyu wata ƴar dabba mai kama da ɓera, a na uku yaron da kansa. Kai, ko wanda bai karanta ba zai iya cankar sauran.

Abin da ya ruɗe mu shi ne mun saba da littattafan Hausa da ake kawowa daga Kano, masu 1, 2, 3. Waɗancan labari guda ne aka yanka, idan ba ka samu na uku ba, ba ka san ko an ɗaura auren ba. Waɗannan kuwa an riga an rufe labarin, daga baya aka sake buɗe shi don na farko ya samu kasuwa. Jerin Chair de poule na asali littafi 62 ne tsakanin 1992 da 1997, kusan ɗaya kowane wata. Mai rubutu da wannan sauri dole ya koma ɗumame.

Ba dukanmu ne muka yarda ba, gaskiya. Wasu ƴan ajin sun ce su maimaicin ne ke musu daɗi, kamar tatsuniyar Dodo da kaka ke yi: ka san zai zo, amma kana jira. Sun kuma ce na biyu ya fi sauƙin karantawa tunda ka san mutanen da kalmomin. Wannan hujja ce, ba mu raina ta ba. Amma kaka ba ta karɓar dala ɗari kafin ta maimaita.

Ga iyayenmu da malamanmu kuma, muna da roƙo. Sau biyu bana aka ƙwace littafi saboda hoton bango kawai. Mun yarda akwai laifinmu: wanda ya raba dare yana karatu har ya makara da asuba, ya zo aji hadda ba ta zauna ba, ba shi da bakin magana. Amma da yawa cikin na matasan nan babu aljani ko ɗaya, mugun mutum ne, sau da yawa ma na kusa. Kuma mun san waɗanda ba su taɓa gama littafin Faransanci ba sai a cikin kwalin nan, don kowane babi gajere ne kuma yana tsayawa inda ba ka iya ajiyewa. Malam, a karanta babi biyu tukuna, in ya so a yanke hukunci.

Kwalin za mu bar wa ƴan ajin da ke bayanmu. Mun ware masu lamba 2 zuwa 4 mun ɗaure su da roba a ƙasa, wanda yake so ya kwance. Sauran kuɗin karo-karo, jaka ɗaya da ƴan canji, suna hannun shugabar aji, kuma mun bar wasiyya a sayi littafin wani marubuci daban.