Ruwa Tukuna, Sannan Bulo

Jama'ar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, a saurara!

Kun ji yadda wuta ta ci babbar kasuwar Katsina a 2021. Cikin birni ke nan fa. To ina ga rumbun talaka a ƙauye, ran da iskar hunturu ta taso?

Kowane ɗan takara zai ce zai gina muku ofishin 'yan kwana-kwana. Ku ce ya nuna zanen! Ina za a haƙa rijiyar burtsatse? Ina tankin da zai cika mota? Motar kashe gobara ba ruwa, ai jiniya ce kawai. Ƙofa ta kalli kwalta, ta yi faɗi. Ɗakin ma'aikata ya jingina da rumfar mota, don in an yi kururuwa da tsakar dare kada a tsaya neman direba. Injiniya kuma ya auna filin, kada damina ta mai da shi tafki.

Alkawarin jam'iyyarmu: mai zane zai zauna da sarkin kasuwa da masu unguwa, a bayyana zanen da Hausa a bainar jama'a kafin a ba da kwangila. Ranar zaɓe, ku jefa mana ƙuri'a!