Tsumagiya a bayan rumfa, zinare a Paris

Ranar Asabar da ta wuce aka gayyace ni wasannin ƙarshen zango na wata firamare a nan ƙasar Yawuri, kuma har yanzu raina bai huce ba. Ba zan kama sunan makarantar ba, don abin da na gani ba nata ne ita kaɗai ba. Maza sun yi gudu, sun yi tsalle, sun buga ƙwallo. 'Yan mata kuwa fareti aka jera su suka yi, sannan aka miƙa wa manyan cikinsu faranti su riƙa zagayawa da ruwan leda ga manyan baƙi. Can bayan rumfa, wata 'yar ficiciya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta cusa gefen hijabinta cikin wando, ta dafa ƙasa ta yi alkafura uku a jere, ta dira kan ƙafafunta ko tangaɗi babu. Ƙawayenta suka sa shewa. Kafin ta sake, sai ga wani malami da tsumagiya: "Ke don gidanku, namiji ce ke?" Ta ruga cikin taro tana sosa cinya.

Bari in ba ku labarin wata yarinya da ta yi irin wannan alkafurar a gaban wasu manya, amma ba a dake ta ba.

Sunanta Rebeca Andrade. An haife ta a 1999 a Guarulhos, gefen birnin São Paulo na ƙasar Brazil. Su takwas ne wajen mahaifiyarsu, Rosa, wadda aikatau take yi a gidajen masu kuɗi, ita kaɗai take riƙe da gidan. Ƙaramar hukumar garin tana da wani zauren wasanni inda ake koya wa yaran talakawa jimnastik kyauta, wato wasan alkafura da lanƙwasa jiki. Wata gwaggon Rebeca da ke aiki a wurin ita ce ta kai ta gwaji tana da shekara huɗu. Masu horarwa suka ga yadda take dira, suka ce a bar musu ita. Da kuɗin mota ya gagara, yayanta ne yake raka ta a ƙasa, tafiyar kusan awa biyu, har daga baya ya samu keke yana goya ta. Tana wajen shekara goma ta bar gaban uwarta ta koma Curitiba don horo, daga can kulob ɗin Flamengo na Rio ya ɗauke ta.

Wanda bai taɓa kallon wasan ba ya sani cewa kashi huɗu ne ga mata. Akwai wanda za ki sheƙo a guje ki dafa wani teburi ki wulwula a sama ki dira. Akwai lilo tsakanin sanduna biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Akwai na fili, da kiɗa. Sannan akwai katakon nan mai tsawon mita 5 da faɗin santimita 10, faɗin tafin hannu ke nan, an ɗaga shi sama da mita ɗaya daga ƙasa, a kansa ake son ki juya ki yi alkafura ta baya ki sauka daidai inda kika tashi. Gwiwa ce ke biyan kuɗin wannan duka. A 2015 jijiyar da ke riƙe gwiwar Rebeca ta dama ta tsinke, aka yi mata aiki. A 2017 ta sake tsinkewa. A 2019 ta kuma. Sau uku ana yanka gwiwa guda, kowane karo sai ta koma koyon taka ƙasa da sanda, watanni tana kallon sa'o'inta suna cin gasa. Ta so ta haƙura, uwarta da kocinta Francisco Porath suka hana ta, kulob ɗinta da hukumomin wasannin ƙasarta kuma ba su yar da ita ba. Ni nan ne wajen da ya fi tsaya mini a rai. 'Yar mai aikatau, ba ta ci wa ƙasa kome a Olamfik ba tukuna, amma aka ci gaba da biyan likita da mai gashi, aka ci gaba da jiran ta.

A Tokyo, 2021, ta ɗauki azurfa a gasar haɗaka, ta ɗauki zinare a tsallen teburi. A 2022 a Liverpool ta zama zakarar duniya. Ranar 5 ga Agustan 2024 a Paris ta doke Simone Biles ta Amurka a wasan fili, maki 14.166 da 14.133, Biles ɗin da duniya ta sallama wa. A kan dandamalin karɓar lambobi Biles da Jordan Chiles suka rusuna mata, baƙaƙen mata uku a jere. Lambobin Olamfik shida gare ta yanzu, babu namiji babu mace a tarihin Brazil da ya kai haka.

Mu kuma a wannan Paris ɗin mun tura 'yan wasa 88, muka dawo hannu rabbana. Favour Ofili ta cancanci gudun mita 100, jami'anmu ba su shigar da sunanta ba. Annette Echikunwoke, wadda sakacin jami'anmu kan gwajin ƙwayoyi ya hana ta yi mana wasa a Tokyo, ta koma wa Amurka ta ci musu azurfa. Duk bayan shekara huɗu sai a kafa kwamiti ana saura 'yan watanni, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar farko da Afirka ta taɓa samu a jimnastik a Olamfik, Kaylia Nemour ce ta ciyo wa Aljeriya ita a wasan sanduna a 2024, kuma a Avoine aka horar da ita, wani ɗan gari a Faransa da ƙauye ne idan aka ajiye shi kusa da Yelwan Yawuri. Zaure ne a garin da masu horarwa da suka zauna da yarinya tun tana ƙarama.

Kada wani ya ce mini 'ya'yanmu ba su da jikin. Ku je bakin ruwa ranar kasuwar Yawuri ku tsaya inda jirage ke sauke kaya. Za ku ga yarinya 'yar shekara tara da tiren soyayyen kifi a ka, ta tako kan siririn katakon da aka gitta daga jirgi zuwa tudu, katakon yana lotsawa, jirgin yana rawa, hannunta ɗaya riƙe da canji, ba ta ko kallon ƙafarta. Ku tuna carman dudu a dandali, yadda yarinya ke sakin jiki ta faɗa da baya, 'yan uwanta su cafe ta su cilla ta sama ta dira tsaye. Ku tsallaka gungu ku ga 'ya'yan Gungawa da na Sarkawa da suka iya iyo kafin su iya karatun Fatiha, suna tuƙa kwale-kwale su kaɗai zuwa gona. Ayomide Bello ta tuƙa kwale-kwale da sunan Najeriya a Tokyo da Paris. Mu da muke kwana muna tashi a kan kogin Kwara, muke da Rigata ta tseren kwale-kwale da muke taƙama da ita, wa muka taɓa turawa ko gasar ƙasa?

Na san abin da za a ce: sutura da tarbiyya. 'Yan wasan Jamus sun fito a Tokyo da kaya har idon sawu ba wanda ya rage musu maki, mu kuma babu abin da ya hana mu zaure mai katanga da malamai mata da iyaye mata zaune a gefe, wanda dama shi ne maganin irin ta'asar da likitan nan Larry Nassar ya yi wa ɗaruruwan yara a Amurka.

Amma tunda an ɗauko zancen tarbiyya, to mu yi shi gaba ɗaya. Uban da zai ce alkafura a makaranta zubar da mutunci ce, shi ne wanda 'yarsa ke yawo da tallan gyaɗa a tasha har bayan isha'i, tsakanin 'yan kamasho da direbobin tirela, kuma bai taɓa tashi ya bi sawunta ba. Malamin da ya zaro tsumagiya saboda yarinya ta dafa ƙasa, bai zaro ta ba ranar da aka cire 'yar aji biyar aka ce ta isa aure. Wannan ba kishin addini ba ne, son jiki ne da raina 'ya mace. Mun yarda ta ɗauki tulu, ta yi surfe, ta yi dakon itace daga daji, duk ƙarfinta halal ne muddin mu zai yi wa aiki. Ranar da ƙarfin nan zai zama nata, ta ji daɗinsa, a tafa mata, ranar ce muke tuna kunya.

Kuma wannan hanin har rai yake ci. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Wara da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai. Duk lokacin da irin haka ta faru, ku tambayi masu ninƙaya da ke tsamo gawa su gaya muku su wa suka fi yawa. Matan tudu ne da yaransu, masu zuwa kasuwa da biki, waɗanda aka hana kusantar ruwa tun suna ƙanana don wai ba tarbiyya ba ce. Hukumar HYPPADEC tana raba rigunan ruwa, madalla, amma riga tana yagewa, ana manta ta a gida, iyo kuwa in an koya an koya.

Masu bin wannan fili sun gaji da jin ina maimaita zancen madatsar Kainji, to su ƙara haƙuri. Tun 1968 aka tashi dubban mutanenmu daga gungunansu da gonakinsu don ƙasa ta samu lantarki. Fiye da rabin ƙarni ke nan, kuma daga Shanga zuwa Ngaski a nuna mini zauren wasanni ɗaya na gwamnati da yarinya za ta shiga kyauta ta tarar da tabarmar dira da malama mai jiran ta. Filayen makarantun ma ana ta yanka su ana jera shaguna. Za a ce tsaro, kuma wanda ya ga yadda aka sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yunin 2021 ba zai raina wannan magana ba. Sai dai rashin tsaron bai hana gangamin siyasa ba, bai hana gasar ƙwallon samari da ake sa wa sunan ɗan takara ba.

Abin da ya ɗaga Rebeca ba minista ba ne, ƙaramar hukuma ce. Tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To ranku ya daɗe, shugabannin Yawuri da Ngaski da Shanga, ga abin da nake roƙo, kuma bai kai kuɗin motar rakiya ɗaya ba. Aji guda da aka gyara a kowace hedikwata, da katifun dira, da malamai mata biyu da za a tura kwas su dawo a riƙa biyan su. Wuri mai shinge a bakin ruwa inda matan gungu, waɗanda suka fi kowa sanin ruwan nan, za su koya wa 'yan firamare mata iyo, a ba su albashi. Masu shirya Rigata kuma su sa tseren 'yan mata da kyauta daidai da ta maza. Shugaban da ya fara, zan je da ƙafata in gani, in rubuta sunansa a wannan fili da manyan baƙaƙe.